Tsumman wanke-wanke na saƙar kwarashi

Tsumman wanke-wanke na saƙar kwarashi ɗan ƙyalle ne da ake saƙawa da hannu, da zaren auduga da kwarashi guda, don wanke kwanuka da goge teburin girki. Galibi gefensa huɗu daidai suke, kowanne kimanin santimita 20, ko da yake akwai kewayayye. Da shi masu koyon saƙa da dama ke buɗe hannu, domin a zama ɗaya ko biyu ake gama shi, kuma ko ya karkace zai yi aikinsa.

Tarihi

Saƙar kwarashi ba ta kai saƙar allura biyu daɗewa ba. Bayanin yadda ake yin ta mafi tsufa da aka buga ya fito ne a mujallar Penélopé ta ƙasar Holan, wajen 1823 ko 1824. Akwai saɓani kan asalinta: wasu na danganta ta da surfanin da ake yi da ƙugiya a kan yadi, wasu kuma da saƙar makiyayan Sikotilan.

A Ailan ta yi ƙarfi. Lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, bayan cuta ta lalata dankali, mata da yara sun koyi saƙa leshi da kwarashi, ana kai shi Ingila da wasu ƙasashe a sayar, kuma gidaje da yawa da wannan suka ci abinci. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da sana'arsu. A wannan zamanin ne Eleanor Riego de la Branchardière ta shiga wallafa littattafan koyar da saƙar a Ingila. Ita kanta Sarauniya Biktoriya ta Ingila, gab da rasuwarta a 1901, ta saƙa mayafan wuya takwas don sojojin da suka yi fice a yaƙin Afirka ta Kudu. Tsumman kicin dai bai samu irin wannan kulawa daga marubuta tarihi ba, alhali ya fi leshi shan aiki.

Zare da kwarashi

Auduga zalla ake so, don tana shan ruwa, tana jure zafi da yawan wanki. Zaren akirilik, wato zaren roba, ba ya shan ruwa sosai, kuma yana narkewa idan ya taɓa tukunya mai zafi, sai dai a Japan da Koriya ana saƙa soson kankare maiƙo da shi. Ulu kuwa cuɗewa yake ya ƙanƙance a ruwan zafi. Audugar da aka sa wa sheƙi ta hanyar da ta samo asali daga binciken wani Baturen Ingila, John Mercer, na 1844 tana da kyan gani, amma masu saƙa da yawa sun fi son marar sheƙi. Zare mai matsakaicin kauri yana tafiya da kwarashi mai milimita 4 zuwa 5.5.

Yadda ake saƙawa

Ana fara da ƙullin zarge a kan kwarashi, a saƙa sarƙa daidai faɗin da ake so. Daga nan a cusa bakin kwarashi cikin idon sarƙa, a ɗauko zare a jawo, madauki biyu su hau kwarashi, a sake ɗauko zare a zare shi ta cikinsu gaba ɗaya. Haka har ƙarshen layi, a ƙara ido ɗaya na juyawa, a juya aikin a dawo. Idan gefe ya fara shigewa ciki, alamar ana tsallake idon ƙarshe ne, shi ya sa ake ƙirga idanu a kowane layi.

Tsaurin hannu shi ne abin lura. Saƙa mai tsauri tana fitar da tsumma mai kauri, mai wuyar matsewa da jinkirin bushewa, sakakkiya kuma tana miƙewa da zarar ta jiƙe. Saƙa mai gudaji-gudaji ta fi kankare abin da ya kama a kwano. A ƙarshe a bi baki da layi ɗaya, a bar ɗan madauki na ratayewa, a ɓoye jelar zare da allura.

Kulawa

Tsumma mai danshi matattarar ƙwayoyin cuta ne, don haka a ɗauraye shi bayan aiki, a matse, a shanya, a riƙa wanke shi da ruwan zafi. Auduga kan ɗan tsuke a wankin farko.