Dutsen da ke tsaye a filinka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duwatsun Riyom na Filato, mutanen da ne suka ɗora su?

A'a. Ruwa da rana ne suka yi ta cin dutsen ta tsagoginsa har ya zama kamar an jera. Zuma da Aso ma halitta ne. A bar wannan tambaya haka.

To akwai waɗanda mutanen da suka kafa da gaske da suka rage a cikin gari?

Akwai. A Le Mans ta Faransa, wani dutse da aka kafa tun kafin a fara rubuta tarihi yana nan jikin bangon babban cocin garin, tsayinsa ya haura mita 4. Namu da suka fi suna suna yankin Ikom a jihar Kuros Riba, kimanin 300, masu fuskoki sassaƙaƙƙu, amma a ƙauyuka suke. A Filato, je ka ga gadojin dutse na Butura a Bokkos.

Aljanu ne suka kafa su?

Mutane ne, da igiya da gungumen itace da gumi.

Na sayi fili a Rayfield, na tarar da dogon dutse a tsaye. Yaya zan gane ko mutanen da ne suka kafa shi?

Nan ne aikin yake, kuma ba a yanke hukunci daga hoto. Jos gari ne na duwatsu, ga haƙar kuza da ta birkita ƙasar, don haka mafi yawan irin waɗannan ko halitta ne ko ture su aka yi. Fara da gindin, da ido kawai. In ya haɗe da falalen dutsen ƙasa, halitta ne, magana ta ƙare. In ka ga ƙananan duwatsu cuccushe a gindin kamar an tokare shi, alama ce, ko da yake manoma ma kan tara tsakuwa a irin wurin. Irinsa ya bambanta da duwatsun kewaye? Wannan ya fi ƙarfi. Rami zagayayye miƙaƙƙe kuwa aikin masu nakiya ne, na jiya-jiya. Katangar tukunya ko kashin maƙera a kusa suna nuna an zauna a wurin, ba sa nuna wa ya kafa. Ɗauki hoto ta ɓangarori huɗu da tef ɗin awo a jiki, ajiye lokeshan a waya, sannan ka tambayi mai unguwa da dattawan Berom na yankin, don wani dutsen wurin tsafi ne ko iyakar gona.

In ɗan tona in duba?

Kar ka kuskura. Ba daga dutsen ake gane shekaru ba, daga gawayin da ke ramin gindinsa ne. Ka tona, ka zubar da shaidar. Kuma ka hana masu fasa dutse cinna masa taya.

Za a ƙwace min fili?

Kwantar da hankalinka, malam, sau da yawa dubawa ce kawai. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana tono ba izini da sayar da kayan tarihi ga wanda hukuma ba ta amince da shi ba. Kai hotunanka gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, kusa da gidan zu.