Shin kimiyya ta ce biri ne ya rikiɗa ya zama mutum?

An daɗe ana cewa kimiyya na koyar da cewa biri ne ya rikiɗa ya zama mutum, har wasu iyaye na ɗar-ɗar da darasin bayoloji don gudun kada imanin 'ya'yansu ya taɓu. Damuwar tasu abin girmamawa ce, sai dai ba haka ƙa'idar juyin halitta ta ce ba.

Juyin halitta a wurin masana shi ne sauyin siffofin gado cikin jinsi, zuriya bayan zuriya. Babu dabbar da ke rikiɗa ta zama wani jinsi a rayuwarta. Ra'ayinsu kan mutum da birin cimfanzi kuwa, sun haɗa asali ne shekaru miliyan 6 zuwa 7 baya. Nan ne malaman addini da yawa suke da ja, saboda nassin halittar Annabi Adamu.

Sauyin kansa muna ganinsa a asibiti. Kulorokwin ya daina tasiri domin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro masu jure masa ne suka tsira suka hayayyafa, har Najeriya ta koma maganin ACT (haɗin magunguna mai ɗauke da sinadarin artemisinin) a 2005.

Ku buɗe littafin bayoloji na babbar sakandare ku karanta babin da kanku, ɓangaren aƙida kuma ku tambayi malami masani. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.