Gurbin fakin na naƙasassu a ƙofar gida: abin da dokar Birtaniya ta bayar da abin da ta bar wa maƙwabta

A Birtaniya, titin da ya bi ta ƙofar gidanka ba naka ba ne. Ko da kuɗinka ka sayi gidan, ko ka shekara talatin a cikinsa, duk mai motar da takardunta suka cika yana iya zuwa ya yi fakin daidai bakin ƙofarka ya kama gabansa, muddin babu layi ko allon da ya hana. Idan ka fito da kwandon shara ka tare wurin don kada wani ya shiga, kai ne ma za a iya tuhuma a Ingila da Wales da toshe hanya a ƙarƙashin sashe na 137 na Dokar Hanyoyi ta 1980. Mai lafiyar ƙafa tsaki kawai zai yi, ya zaga layi na gaba ya ajiye motarsa ya tako. Amma wanda numfashinsa ke sarƙewa kafin ya yi taku hamsin, ko uwar da za ta sauko da yaro da keken guragu ana tsuga ruwa, a wajensu magana ce ta a fita ko a haƙura. Da yawa haƙura suke yi, don gudun kada su dawo su tarar wurin ya cika.

Abin ya fi tsanani a tsofaffin unguwanni. Jerin gidajen nan manne da juna da aka gina wa ma'aikatan masana'antu a ƙarni na 19 a Manchester da Birmingham da Leeds da Bradford da sassan Landan, an yi su ne tun ba a san mota ba. Babu gareji, babu filin shigar da mota, ƙofa na buɗewa sai titi. Yau kuwa gida ɗaya na iya samun mota biyu ko uku. Saboda haka ne ƙananan hukumomi, waɗanda mazauna can ke kira kansil, suke zana gurbi da farin fenti kusa da gidan mai lalura idan ya nema kuma ya cika sharuɗɗa.

Kafin a zo maganar gurbi, sai an mallaki shuɗin katin nan mai suna Blue Badge, wanda ake ajiyewa a gaban mota ta cikin gilashi. Asalinsa Dokar Masu Doguwar Jinya da Naƙasassu ce ta 1970, wadda ɗan majalisa Alf Morris ya gabatar. An fara ba da katin a 1971 yana ruwan lemo, aka mayar da shi shuɗi a 2000. Akwai waɗanda ke samunsa kai tsaye, kamar wanda aka yi wa rajistar makanta, da mai karɓar tallafin naƙasa na PIP da ya samu maki 8 ko fiye a ɓangaren tafiya, wato wanda ba ya iya wuce mita 50 a ƙafa. Sauran sai an tantance su. Daga 30 ga Agusta 2019 Ingila ta faɗaɗa tsarin ya haɗa da lalurorin da ba a gani da ido, irin su ciwon mantuwa na tsufa da matsanancin firgici. Kuɗin katin bai wuce fam 10 ba a Ingila, fam 20 a Sikotlan, kyauta a Wales, kuma yawanci shekara uku yake yi. A 2023 masu riƙe da shi a Ingila kaɗai sun haura miliyan biyu da rabi.

Katin na mutum ne, ba na mota ba. Ɗan da ya ɗauki katin mahaifiyarsa ya je kasuwa alhali tana gida ya aikata laifi, tarar kuma tana iya kai wa fam 1,000, a kuma ƙwace katin.

To, samun kati ba shi ne samun gurbi ba, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. A Ingila da Wales, Dokar Tsara Zirga-zirgar Ababen Hawa ta 1984 ta ba kansil ikon keɓe wuraren fakin a kan titi, amma ba ta ce dole a zana wa duk mai kati gurbi a ƙofar gidansa ba. Kowace kansil ita ke rubuta nata sharuɗɗan. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa hukumomi su riƙa la'akari da buƙatun naƙasassu a duk shawarar da za su yanke, sai dai la'akari daban, amincewa daban. Shi ya sa maƙwabta biyu da iyakar ƙaramar hukuma ta raba za su iya kasancewa da ciwo iri ɗaya, a ba ɗaya a hana ɗaya.

Duk da bambancin, tambayoyin sukan yi kama da juna. Shin mai neman yana da katin da bai ƙare ba? Shin akwai mota da aka yi wa rajista da adireshin gidan? Za a nemi takardar mallakar mota da ta inshora da shaidar zama a gidan. Shin gidan na da gareji ko filin shigar da mota? Idan akwai, galibi an gama magana, sai fa in an nuna cewa garejin ya yi nisa, ko ya yi matsin da ba za a iya buɗe ƙofa a fito da keke ba, ko hanyarsa gangare ce. Sannan jami'i zai zo ya duba titin ya ga ko da gaske ana wahalar samun wuri, ya kuma auna ko gurbin zai shiga ba tare da haɗari ba. Gurbin naƙasassu ya fi na kowa tsawo, mita 6.6 ne, don a samu sararin sauke keke ta bayan mota. Ba a zana shi a bakin mahaɗar hanya, inda ƙa'idar tuƙi ta ce a bar tazarar mita 10, ko a tashar bas, ko a lungun da zai hana motar kashe gobara wucewa. Wani lokaci a ba mutum gurbin amma ba a ƙofarsa ba, sai gida biyu ko uku gaba.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya fi sauran ciwo. Kansil da dama sun fi saurin amincewa idan mai lalurar shi ne direba. Idan fasinja ne, hujjarsu ita ce mai tuƙa shi zai iya tsayawa a ƙofa, ya sauke shi, sannan ya tafi neman wuri. A takarda hujjar ta yi kyau. A zahiri, wa zai sauke dattijo mai ciwon mantuwa a bakin titi ya ce masa "Baba, tsaya nan ina zuwa"? Wa zai bar yaron da bai san haɗarin mota ba shi kaɗai na minti goma? Yawancin hukumomin sun san da haka kuma suna da sassauci, amma ba sa yin sa sai an faɗa musu. Duk mai cike wa fasinja takarda ya rubuta ɓaro-ɓaro dalilin da ya sa ba za a iya barinsa shi kaɗai ba, ya haɗa da wasiƙar likita ko ta ma'aikacin jinya. Kara da kawaici ba sa aiki a takardar kansil. Wanda ya rubuta "muna dai lallaɓawa" ya ba su dalilin ƙin amincewa da hannunsa.

Idan an amince, saura tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma ba kowa ke yi ba: wane irin gurbi za a zana? Iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya suke.

Na farko gurbin roƙon arziki ne. Farin layi ne da rubutu a ƙasa, babu wata doka a bayansa. Idan mai lafiya ya shiga ya ajiye motarsa kwana uku, jami'in fakin ba shi da ikon liƙa masa takardar tara, ɗan sanda ma haka. Kyanwar Lami ke nan, ba ta cizo ba ta yaƙushi. Abin da ke tsare shi kunyar maƙwabta ce kawai. A layin da aka san juna yana aiki sarai, don ba mai son a gan shi ya tare wa mara lafiya wuri. A layin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ko asibiti ko filin ƙwallo, inda baƙi ke zuwa su tafi, fentin ado ne.

Na biyu shi ne wanda aka kafa da umarnin doka a ƙarƙashin dokar 1984. Yawanci akwai allo a gefensa da ke cewa masu kati kaɗai. Wanda ya shiga babu kati zai sha tarar fam 70 a Ingila da Wales in ban da Landan, a rage masa rabi idan ya biya cikin kwana 14. A Landan kuɗin ya fi haka nesa. Kafin a kafa irin wannan sai kansil ta tuntuɓi 'yan sanda, ta buga sanarwa, ta ba jama'a aƙalla kwana 21 su kawo ƙorafi, sannan ta duba ƙorafin ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, shi ya sa hukumomi ke tara buƙatu su yi musu umarni guda, mai nema kuma ya yi ta jira watanni. Shi ya sa kuma da yawansu suka fi son na roƙon arziki: fenti kawai, babu lauya, babu talla a jarida. Ana iya fahimtar matsin kuɗin da suke ciki. Amma sakamakon shi ne an ɗauke aikin tsaron gurbin daga wuyan hukuma an ɗora wa mara lafiya, shi zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi yana tambayar motar wa ce wannan.

Sikotlan ta ga wannan gyara ne da ya kamata a yi da doka. 'Yar majalisar yankin Jackie Baillie ta gabatar da ƙudurin da ya zama Dokar Wuraren Fakin na Naƙasassu ta 2009, wadda ta fara aiki a Oktoban 2009. Dokar ta umarci ƙananan hukumomi su bi duk guraben roƙon arziki da ke kan tituna, su mayar da waɗanda har yanzu ake buƙata masu ƙarfin doka, su goge sauran. Ta kuma ba mai kati, wanda akwai mota mai rajista a adireshinsa, damar neman gurbi, kuma idan akwai wurin da ya dace dole hukuma ta fara shirin kafa umarnin. Gurbin roƙon arziki ya zama na wucin gadi ne kawai kafin umarni ya fito. A ganina nan aka kama bakin zaren, kuma babu wani dalili mai ƙarfi da zai sa Ingila ta kasa yin haka.

Sai abin da ke haddasa faɗa ko tsakanin naƙasassun kansu. Gurbin da ka sha wahalar nema, aka zana a ƙofarka, ba naka ba ne. Duk mai shuɗin kati yana da ikon shiga, ko daga wani gari ya zo ziyara. Idan maƙwabcinka ya samu kati bayan an zana, shi da kai ɗaya kuke a gaban doka, wanda ya riga ya riga. Mafita ita ce shi ma ya nemi nasa. Wasu ƙananan hukumomin Landan, irin su Kensington da Chelsea, suna keɓe gurbi ga mutum guda da lamba ta musamman, amma sharuɗɗansu sun fi tsauri, kuma a mafi yawan ƙasar babu wannan tsari.

Duk wannan bayani a kan titin gwamnati yake. Filin fakin na rukunin gidajen haya, ko na babban kanti, ko na asibiti, mai filin ne ke da iko da shi, wajensa ake kai buƙata. Dokar naƙasassu ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta yi maganar keɓe wuri, amma a filayen fakin na jama'a, ba a ƙofar gidaje ba.

Maƙwabta na da damar yin ƙorafi lokacin tuntuɓa, kuma suna yi, musamman da yake gurbin na cinye fiye da wurin mota ɗaya. Sai dai "mu ma muna wahalar fakin" ba kasafai yake rusa buƙata ba. Ƙorafin da ake saurara shi ne na haɗari, ko na cewa mai neman yana da gareji ya ɓoye. Idan kuma kansil ce ta ƙi, a nemi dalili a rubuce, a nemi a sake dubawa, a bi matakan ƙorafinta har ƙarshe. Daga nan a Ingila ana iya zuwa ofishin mai binciken koke-koke kan ƙananan hukumomi. Shi ba ya sauya shawara don kawai bai yarda da ita ba. Abin da yake dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, ko an yi jinkirin da ya wuce hankali, ko an yi watsi da shaidar da aka kawo.

Gurbin ba na gado ba ne. Idan mai shi ya tashi, ko ya rasu, ko ya daina amfani da mota, ana so iyali su sanar a mayar da katin, hukuma ta duba ko wani a layin na buƙatar wurin kafin ta goge. Barin gurbin da ba mai amfani da shi na ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa mutane raina sauran.

Wanda ya tarar da mota marar kati a gurbinsa, ya fara tabbatar da irin gurbin. Ganin allo alama ce mai ƙarfi, amma rashinsa ba hujja ba ce, domin ƙa'idojin alamun hanya na 2016 sun yarda a wasu halaye rubutun ƙasa kaɗai ya wadatar. Sashen fakin na kansil ne zai faɗa maka ko akwai umarnin doka a kan wurin. In akwai, su ake kira su turo jami'i. In babu, a riƙa ɗaukar hoto da kwanan wata duk lokacin da aka tare shi, a haɗa a rubuta musu ana neman a saka gurbin cikin umarni na gaba da za su yi.