Agogon nutso mai wana kansa: girmansa, zobensa da abin da ke hana shi shan ruwa

A 1953 kamfanin Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, Rolex kuma ya ƙera Submariner. Tun daga lokacin siffar agogon nutso ba ta sauya sosai ba: baƙar fuska, manyan alamu masu haske a duhu, da zobe mai juyawa a bakin gilashi. Abin da ya sauya shi ne girma da kayan ƙira da tsada. Ga tambayoyin da mai niyyar saye ko mai riƙe da irinsa ya fi yi.

Me ya bambanta agogon nutso da wanda aka ce ba ya shan ruwa?

Ƙa'ida ce ta duniya mai lamba ISO 6425. Kafin agogo ya amsa sunan na nutso a ƙarƙashinta, sai ya jure zurfin mita 100 aƙalla, kuma ana gwada kowane guda ɗaya da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin ɗari. Mai mita 300 ke nan sai ya sha matsin mita 375. Sai a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, sai ya kwana awa 24 a ruwan gishiri bai nuna tsatsa ba, sai ya jure bugu da maganaɗisu, kuma sai ya kasance da wata alama da ke nuna cewa injin bai tsaya ba, galibi ɗigon haske a kan hannun daƙiƙa. Agogon ado mai rubutun mita 30 ko 50 wata ƙa'idar ce daban ke binsa, wadda ta yarda a gwada 'yan kaɗan a madadin sauran. Irinsa na wanke hannu ne da yayyafi. Manyan kamfanonin Suwizalan da yawa ba sa buga shaidar wannan ƙa'ida a fuskar agogo, gwajinsu na cikin gida suke yi.

Wannan girman dole ne, ko ado ne kawai?

Dukansu biyu, sai dai ado ya fi yawa. Lissafin ba wuya. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i. Gilashi mai faɗin milimita 30 yana da fili kusan santimita murabba'i 7. A mita 300 yana ɗauke da kilo 210 ko kusa da haka. A mita 3,900 nauyin ya doshi tan uku, kamar a ɗora manyan motoci biyu a kan abin da bai fi bakin ƙaramin kofi ba. Shi ya sa Rolex Deepsea, wanda ya fito a 2008 da alƙawarin mita 3,900, yake da faɗin milimita 44, kauri kusan 18, gilashinsa kaɗai milimita 5.5. A cikinsa akwai wani zoben ƙarfe mai tauri da ke tsakanin gilashi da murfin baya na titaniyom, shi ke karɓar matsin. Deepsea Challenge na 2022 ya kai milimita 50, domin an yi shi ne don mita 11,000. A nan girma yana da hujja.

Amma dubi Submariner na yanzu, milimita 41, da Fifty Fathoms mai milimita 45. Duka biyu mita 300 ne. Milimita huɗun nan ba su ƙara zurfin ko taku ɗaya ba. Sun ba da wurin manyan alamu da injin da ya fi girma, sun kuma cika hannu, wanda shi ne abin da mai saye da yawa ke nema. Panerai kuwa gado ya ci. Agogon da ya yi wa masu nutso na sojan ruwan Italiya a shekarun 1930 milimita 47 ne, saboda injin agogon aljihu aka sa a ciki, girman sai ya zama tambarin gidan.

Wanda zai kalli lamba, ya fi kyau ya kalli kauri. Faɗi na ido ne, kauri ke faɗin abin da agogo zai iya ɗauka.

Ta ina ruwa ke shiga, idan zai shiga?

Ƙofofi uku ne: bakin gilashi, murfin baya, da maɓallin wani, wato wanda ake wana agogo da saita lokaci da shi. Kowacce zoben roba ke tsare ta, siriri, wanda a duk jikin agogon ba abin da ya kai shi arha. Murfin baya murɗa shi ake yi ya danne robarsa. Maɓallin wani shi ne ƙofa mafi rauni, don shi kaɗai ake buɗewa a rufe. Ana murɗa shi ne a kan wani ɗan bututu da ke jikin agogon, robobi na cikin bututun, wata kuma na cikin hular maɓallin. Tsarin Triplock na Rolex yana toshe wurare uku ta haka. Panerai kuma yana da wata gada mai ɗan hannu da ke danne maɓallin.

Ɓarnar da aka fi gani ba ta zurfi ba ce. An saita lokaci an manta ba a murɗe maɓalli ba. Ko an murɗa shi a karkace da ƙarfin tsiya, haƙoran bututun suka cinye. Yadda ake yi shi ne a danna shi a hankali, a ɗan juya baya har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a murɗa gaba da yatsu biyu har ya tsaya. Ya tsaya, a bar shi. Ƙarin ƙarfi matse roba kawai yake yi har ta baje. Ita kuma roba tana bushewa da shekaru ko an shiga ruwa ko ba a shiga ba, kuma turare, sabulu, sinadarin tafkin iyo da ruwan zafi suna gaggauta tsufanta. Agogon mita 1,000 mai busasshiyar roba zai iya shan ruwa a bahon wanka.

Me ya sa zoben ke juyawa ɓangare ɗaya kawai?

Don kuskure ya faɗi ta inda ba zai yi kisa ba. Kafin mai nutso ya sauka, sai ya juya zoben har alamar sifili, wato ɗan kusurwa ukun nan mai ɗigon haske, ta zo daidai kan dogon hannu. Daga nan ba ruwansa da ƙarfe nawa. Lambar da dogon hannu ya nuna a kan zobe ita ce mintocin da ya yi a ƙasa. A ce ya sauka dogon hannu na kan minti 10, yanzu yana kan 35, zobe zai nuna 25. Idan zoben ya gogi dutse ya motsa, hagu kaɗai zai iya tafiya, akasin tafiyar hannun agogo, sai ya nuna 27 ko 28. Mutum zai fito da wuri da sauran iska a tukunyarsa. Da dama zai iya juyawa, da ya nuna masa 22 alhali ya yi 25.

Galibi zoben yana da ƙas-ƙas 60 ko 120 a zagaye ɗaya, kuma mintoci 15 na farko ake tsagawa ɗaya-ɗaya. Na dā alminiyom ne, yana karcewa, rana na kashe launinsa. Na yanzu galibi seramik ne, ƙusa ba ta kama shi, launinsa ba ya koɗewa, amma mugun bugu na iya tsaga shi, kuma ba a gyara shi sai dai a sauya. Idan zobe ya yi tauri, yawanci yashi ne ko gishiri ya bushe a ƙarƙashinsa. A jiƙa agogon a ruwa mai daɗi ana juya zoben a ciki. Kada a ɗiga masa mai, ƙura zai tara.

Ba batir, to me ke tafiyar da shi?

Motsin hannun mai shi. A bayan injin akwai wani rabin faifai mai nauyi, wasu kamfanoni na yin sa da zinariya, wanda ke lilo duk sanda hannu ya motsa. Lilon nan ke bi ta ƙananan ƙafafu masu haƙora ya naɗe babban sifirin, wato siririn ƙarfen da ke tara ƙarfin tafiyar agogo, a cikin gangarsa. Sifirin na warwarewa a hankali, wata ƙafar lilo mai sifirin siriri kamar gashi na raba ƙarfin daki-daki, a yawancin injuna bugu 28,800 a awa, wato takwas a daƙiƙa. Shi ya sa hannun daƙiƙa ke tafiya kamar yana sulɓi. Yawan wanawa ba ya tsinka shi, domin ƙarshen sifirin zamewa yake yi a bangon ganga idan ya cika.

Wannan tsari ya dace da nutso saboda dalili ɗaya: agogon da ke wana kansa ba ya bukatar a buɗe maɓallinsa kullum, robar maɓalli sai ta daɗe. Injin Submariner na yanzu yana riƙe awa 70 a ajiye, na Fifty Fathoms mai ganga uku awa 120. Idan ya tsaya, a kwance maɓalli a wana shi sau 25 zuwa 40 kafin a ɗaura, girgiza shi ba ta isa. A injuna da yawa kuma ba a sauya kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, don a lokacin haƙoran da ke tura faifan kwanan wata sun riga sun kama shi.

Da wannan tsadar, yana kai agogon batir daidaito?

Ba ya kaiwa. Hukumar COSC ta Suwizalan mai gwada daidaiton agogo, bayan gwajin kwana 15, tana yarda da jinkirin daƙiƙa 4 ko saurin daƙiƙa 6 a rana. Rolex ya ɗaure kansa da daƙiƙa 2 ta kowane ɓangare. Agogon batir na gama-gari bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Idan agogo ya fara gudu da mintoci a rana ba zato, a fara zargin maganaɗisun lasifika ko na murfin jaka, wanda ke manne zagayen siririn sifirin da juna. Mai gyara na cire shi da na'ura cikin minti ɗaya. Injunan Omega masu sifirin silikon da shaidar METAS, hukumar awo ta Suwizalan, suna jure maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000.

Ɗan bawul ɗin da ke gefen wasu agogunan fa, na mene ne?

Na hiliyom ne, kuma kusan duk masu saye ba za su taɓa bukatarsa ba. Ma'aikatan da ke gyaran bututun mai a ƙasan teku suna zama makonni a cikin ɗakin ƙarfe mai matsi, suna shaƙar iskar da aka haɗa da hiliyom. Ƙwayar hiliyom ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana ratsa roba ta cika cikin agogo. Ranar da aka fara rage matsin ɗakin, ta ciki ba ta samun fita da sauri, sai ta turo gilashi ya fice kamar murfin kwalba. An gina agogo ne ya jure matsi daga waje, ba daga ciki ba. Sea-Dweller na 1967 ya zo da bawul mai buɗe kansa a gefen da ƙarfe 9 yake a fuskar agogo. Na Omega a wajen ƙarfe 10 yake, da hannu ake kwance shi, kuma a busasshen ɗakin ake yi, a ruwa a rufe ake barinsa. Seiko a 1975 ya bi wata hanya, ya yi jiki guda na titaniyom da wata irin roba da ta hana hiliyom taruwa tun farko. Mai nutson nishaɗi, wanda iyakarsa mita 40, bawul a wurinsa ƙarin rami ne mai robar da za a riƙa sauyawa.

Hasken duhun nan yana da haɗari?

Na dā yana da shi, domin radiyom ne, sai tiritiyom ya gaje shi har ƙarshen shekarun 1990. Na yanzu fenti ne da ke shan haske ya riƙa sakinsa a hankali, ba ya fitar da komai mai cutarwa. Abin dubawa shi ne siffa: dogon hannu ya bambanta da gajere ko da an kalle su a gigice. Omega kan ba dogon hannu da ɗigon zobe haske kore, sauran shuɗi, don su biyun mai nutso ke haɗawa.

Wane ƙarfe ya fi, kuma yaya za a san ya dace da hannu?

Yawanci ƙarfe marar tsatsa ne mai lamba 316L, Rolex kuma 904L yake amfani da shi, wanda ya fi jure gishiri. Titaniyom ya fi ƙarfe sauƙi da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma a agogon da ya wuce milimita 44 wannan ba ƙaramin abu ba ne, don babban na ƙarfe da sarƙarsa kan haura giram 200. Tagulla tana sauya launi, wasu don haka suke sonta. Zinariya ta kusan ninka ƙarfe nauyi, ga laushi. Gilashin yakutu ne na masana'anta, wanda ba ya karcewa sai da abu mai taurin lu'ulu'u, amma bugu a gefensa na iya ɓantare shi.

Wajen auna hannu, faɗin fuska na ruɗi. A auna daga ƙarshen kunnuwan sama zuwa na ƙasa, inda sarƙa ke kamawa. Idan tsawon ya wuce shimfiɗar wuyan hannu, agogon zai riƙa rinjaya gefe yana dukan ƙashi. Makullin sarƙa ma abin dubawa ne. Glidelock na Rolex yana ƙara tsawo milimita bibbiyu har kusan 20 ba tare da kayan aiki ba, don a ɗaura a kan rigar nutso. Ita rigar matsewa take yi a zurfi, agogo ya yi sako-sako, shi ya sa makullin Tudor Pelagos ke da sifirin mai ja da kansa.

Idan aka ga hazo a cikin gilashi fa?

Ɗan hazon da ya bayyana sanda agogo mai ɗumi ya shiga sanyi, ya ɓace cikin minti ɗaya, yana iya zama laimar iskar da ke ciki. Wanda ya zauna, ko ya zama ɗigo-ɗigo, ruwa ne ya shiga. A kai wa mai gyara a ranar, domin ruwan gishiri na fara cin injin cikin 'yan kwanaki, kuma binne shi a shinkafa ba ya fitar da abin da ke ciki. Mai gyara zai buɗe, ya busar, ya sauya robobi, ya sa shi a na'urar matsi, sannan ya ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45 ya ɗiga ruwan sanyi a kan gilashi. In hazo ya fito ƙarƙashin ɗigon, da sauran aiki. Mai shiga ruwa da agogonsa ya riƙa yin gwajin matsi sau ɗaya a shekara, ya ɗauraye shi da ruwa mai daɗi bayan kowace shiga teku, maɓalli a murɗe. Cikakken sabis na inji, da wankewa da sabon mai, tsakanin shekara 5 zuwa 10 ne, gwargwadon kamfani da yawan amfani.