Ma'anar Bulokcen a Harkar Bin Sawun Kayan Nukiliya

Bulokcen kundin ajiyar bayanai ne da ba ya zama a hannun mutum ɗaya. Kwamfutoci da yawa ne ke riƙe da kwafinsa iri ɗaya, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi, ta yadda idan wani ya taɓa tsohon rubutu, ko da lamba ɗaya ce, hatiman da suka biyo baya za su ƙi dacewa, sauran masu riƙe da kwafi su gane. Yawancin mutane ta dalilin Bitcoin suka san shi, wanda ya fara aiki a 2009, amma ba kuɗi kaɗai ake rubutawa a cikinsa ba.

Kayan nukiliya na doguwar tafiya. A baya an shafe shekaru da dama ana zuba yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit, a arewacin Nijar, cikin ganguna, manyan motoci su kai shi tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can a wuce da shi Faransa, inda ake tace shi har ya zama makamashin tashoshin lantarki. A kowane zango kayan na sauya hannu, wani lokaci ma ya sauya siffa, kuma dole lissafin mai aikawa ya yi daidai da na mai karɓa. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, wadda aka kafa a 1957, tana ɗaukar kilo 8 na fulutoniyom, wani sinadarin nukiliya, a matsayin adadin da zai iya isa a haɗa bam, don haka ƙaramin giɓi a takarda babban al'amari ne.

A nan ne bulokcen yake da amfani: kamfani da hukumar ƙasa da masu sa ido za su riƙa duba kundi guda, maimakon kowa ya aika rahotonsa daga baya a zauna daidaitawa. Sai dai ba buɗaɗɗe ba ne kamar na Bitcoin, domin wanda aka ba izini ne kawai ke shiga, tunda bayanin inda kaya yake shi kansa sirri ne. A 2020 hukumar kula da nukiliya ta Finland, STUK, tare da Cibiyar Stimson ta Amurka da Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, suka ƙaddamar da samfurin gwaji na irin wannan kundi mai suna SLAFKA.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zuzuta fasahar fiye da kima. Bulokcen rubutu yake karewa, ba ya leƙa cikin ganga. Idan ma'aikaci ya shigar da nauyin ƙarya tun farko, kundin zai adana ƙaryar kamar yadda zai adana gaskiya, shi ya sa har yanzu sufetocin IAEA suke zuwa da kansu su auna kaya, su duba hatiman da suka liƙa, su ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji.