Mene ne gubar taliyam, kuma yaya ake gane ta a jikin mutum ko dabba?

Taliyam wani ƙarfe ne mai laushi sosai, har da wuƙa ana iya yanka shi, ɗan uwan dalma ne ta wajen nauyi da illa, sai dai ya fi ta saurin kisa nesa ba kusa ba. Wani Bature ɗan Ingila, William Crookes, ne ya gano shi a 1861. Shi kansa ƙarfen ba kasafai mutum zai ci karo da shi ba, abin tsoron shi ne garinsa mai kama da gishiri, wanda yake narkewa a ruwa, ba wari ba ɗanɗano ba kala. Shi yasa aka daɗe ana yin maganin ɓera da na tururuwa da shi, har Amurka ta haramta hakan a 1972 bayan yara da dabbobi sun yi ta mutuwa.

Mu nan Bauchi maganar ta shafe mu ta wannan ƙofar ce. Da rani ya kama aka fara cewa zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya dawo, kowa sai ya nufi kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal neman maganin ɓera, wani a ƙulle a leda yake ba suna ba takarda, mai tallan ma bai san abin da ke ciki ba, shi dai yace maka yana kashewa. Mafi yawan shinkafar ɓera da fiya-fiya da ke yawo wasu sinadarai ne daban ba taliyam ba, amma abin da ba a rubuta ba ai ba ka da tabbas a kansa, kuma kowace guba maganinta daban ne.

Toh yaya yake aiki? Jikinmu yana buƙatar sinadarin fotasiyam, wanda ake samu a ayaba da wake da dankali, da shi jijiyoyi da zuciya suke aiki. Taliyam ya yi kama da shi ƙwarai ta yadda jiki ba ya bambance su, sai ya buɗe masa ƙofa ya shiga ko'ina, yana shiga kuma sai ya tsayar da aikin da ke ba ƙwayoyin jiki ƙarfi. Ta baki yake shiga, ta numfashi, har ta fata ma.

Alamominsa a jere suke zuwa, kuma wannan jerin shi ne abin riƙewa. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ciwon ciki ne da amai, wani gudawa wani kuma cikin ya ɗaure, a nan kowa zai ce taifot ne ko ya ci wani abu da ya lalace, a je kemis a sayo magani shikenan. Bayan 'yan kwanaki sai ƙafafu su ɗauka, tafin ƙafa yana zafi da raɗaɗi kamar an taka garwashi, mutum ko zanin rufa ya taɓa shi sai ya yi ihu, ƙarfin ƙafar yana raguwa abin yana hawowa sama. Sai a sati na biyu zuwa na uku gashi ya fara zubewa, ba ɗai-ɗai ba, mace ta sa matsefi ta ga ya biyo dunƙule guda, har gefen gira ma yana tafiya. Wajen wata guda kuma wasu fararen layuka su fito a kwance a kan farce. A wurinmu kam in aka kai nan magana ta ƙare, za a ce jifa ne ko sammu, a kama hanyar gidan mai magani, alhali lokacin da ya kamata a ceci jijiyoyin yana ta wucewa.

Su ma likitoci yana ruɗa su. A ƙasar Sin akwai wata ɗalibar jami'ar Tsinghua mai suna Zhu Ling da aka ba wannan guba a ƙarshen 1994 da farkon 1995, asibiti suka kasa gane ciwon, sai da abokanta suka tura alamomin a intanet likitocin duniya suka yi ta cewa a gwada taliyam. An ceto ranta amma ƙwaƙwalwa da idonta sun riga sun taɓu, haka ta rayu har 2023. Kusa da mu kuma, Félix Moumié, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Kamaru, da taliyam aka kashe shi a birnin Janiba na ƙasar Switzerland a 1960.

Dabbobi ma haka ne, kare ko kyanwa ya ci ɓeran da ya mutu da gubar shi ma ya kwasa, sai ka ga amai, fata ta yi ja tana sabulewa a gefen baki da ido, gashi yana zuba, tafiya tana gagara. Kaji da awaki da suke tsintar hatsi a tsakar gida su ne na farko in an barbaɗa magani a bakin rumbu. Dabbar da ta mutu ta wannan hanya, ko aka yi saurin yanka ta don kar a yi asara, ba ta ciyuwa, a binne ta da zurfi.

Akwai magani, sunansa Prussian blue, wani shuɗin gari ne a kafso da yake kama gubar a hanji ya fitar da ita ta bayan gida, kuma dan Allah ba bula ta wanki ba ce kar wani ya gwada. Ana haɗawa da gawayin asibiti, in abin ya yi tsanani a yi wankin jini da injin da ake yi wa masu ciwon ƙoda. Manja da madara da ake ɗura wa wanda ya sha guba ba abin da suke yi wa taliyam. A gwajin fitsari ake tabbatar da shi, amma sai likita ya yi zargin sa tukuna kafin ya nema, don haka in ciwon ciki ya zo, zafin ƙafa ya biyo, musamman in mutum biyu ko uku ne a gida ɗaya, ku faɗa wa likita jerin yadda ya faru tun kafin gashi ya zube, ku tafi masa da ragowar ledar maganin ɓeran in akwai.