"Saba ta sauka": me ake nufi da rumbun bayanai guda a kanti?

Duk wanda ke sayayya a manyan kantunan Jos, a titin Ahmadu Bello ko wajen Taminus, ya taɓa tarar da layi ya tsaya cak, kashiyoyi huɗu sun naɗe hannu, ga wuta, ga kwamfutoci a kunne, amma babu mai karɓar kuɗi. Ka tambaya a ce maka, "Alhaji, a yi haƙuri, saba ce ta sauka." Abin da ya sa matsala guda ke tsayar da kanta huɗu lokaci ɗaya shi ne babu ko ɗaya cikin kwamfutocin nan da ke riƙe da farashi ko adadin kaya a cikinta. Dukkansu leƙe suke yi a littafi ɗaya.

Wannan littafin shi ne databes, wanda a Hausance ake ce wa rumbun bayanai. Saba kuma ita ce kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, galibi a ofishin manaja ko wani ɗan ɗaki a bayan kanti. A kula, POS ɗin da masu harhaɗa irin wannan aiki ke faɗa ya bambanta da 'yar na'urar da ake cire kuɗi da ita a bakin titi. Su suna nufin duk abin da ke kan kanta: kwamfuta, na'urar sikanin, firintar rasit da durowar kuɗi.

A ɗauki mai shago da yara uku, kowane yaro da littafinsa. Sai dare a zauna a haɗa lissafi, kafin nan ba wanda ya san katan nawa na taliya ya rage. In farashi ya tashi da hantsi, yaro ɗaya ya ji, biyu na ta sayarwa a tsohon kuɗi har magariba. Da rumbu guda, manaja zai gyara farashin sau ɗaya, kowace kanta ta gani a sikanin na gaba. Layukan nan baƙaƙe da ke jikin kwali ma ba farashi ba ne, lamba ce kawai. Kanta ta tura lambar, rumbu ya dawo mata da suna da kuɗi. Haka lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a shekarar 2020, mai irin wannan tsari wuri ɗaya ya gyara.

Inda aikin yake da wuya shi ne idan kanta biyu suka nufi abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Buhun shinkafa ɗaya ya rage a sito, kashiya ta farko da ta uku duk sun danna sayarwa. Rumbu na gaskiya, irin su MySQL, PostgreSQL ko SQL Server, yakan kulle bayanin shinkafar na ɗan ƙiftawar ido: ta farko ta gama, adadi ya koma sifili, sannan a bar ta uku ta duba, ta tarar babu. Kuma ciniki a wurinsa ko ya shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam. Ba a rage kaya a sito sannan kuɗin su ƙi bayyana a lissafi don wuta ta ɗauke a tsakiya. Wannan ne ya sa nake ganin masu ajiye fayil ɗin Excel guda a kan netwok, kowa na buɗewa yana rubutu, suna yaudarar kansu ne. Na wani zai hau kan na wani, kuma ba za a gane ba sai ranar ƙirgar kaya.

Haɗin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Waya daga kowace kanta zuwa akwatin rarraba netwok, daga nan zuwa saba. Irin wannan waya tana kai mita 100, wanda ya ishi yawancin kantuna, kuma ta fi Wi-Fi tabbas. A ba sabar adireshin netwok da ba ya canzawa, domin sau da yawa "saba ta sauka" ɗin nan lafiyarta lau, adireshinta ne ya sauya kantoci suka rasa inda take. A sa mata batirin riƙe wuta ko inbata, don ɗaukewar wuta tana cikin rubutu na iya lalata bayanai.

Mai reshe a Bukuru da wani a Farin Gada kuwa waya ba za ta kai masa ba, sai intanet, a ajiye rumbun a sabar haya da ke nesa. Daɗinsa, maigida na kwance a gida yana ganin cinikin kowane reshe a wayarsa. Amma duk wanda ya ga yadda intanet ya yi rauni a Najeriya ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, zai tambayi mai sayar masa da manhaja tambaya ɗaya kafin ya biya: in netwok ya ɗauke, kanta za ta ci gaba da ciniki? Masu kyau sukan riƙe kwafin farashi, su tara cinikin, netwok na dawowa su tura. A wannan tsakanin kullen da na ambata ba ya aiki, shi ya sa wani lokaci za ka ga sito na nuna kaya sun yi ƙasa da sifili.

Akwai abin da masu kanti ba su cika faɗa a gaban yara ba. Tun injin karɓar kuɗi na farko da James Ritty ya ƙera a Amurka a 1879, don hana ma'aikata ɗan hali aka yi shi. Rumbu guda yana rubuta wanda ya sayar, a wace kanta, ƙarfe nawa, da wanda ya soke rasit. Sai dai fa in kowa na shiga da lambar sirrin manaja, duk wannan ya tashi a banza.

Kwafin ajiya na rumbun kuma a riƙa ɗauka kullum bayan an tashi, a fitar da shi daga kantin. Mutanen Jos da suka ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ba za su ajiye shi a ɗaki ɗaya da sabar ba.